Kulob ɗin jirgin ruwa: wanda ke buƙatarka za ka zaɓa, ba wanda ke burge ka ba

1/
Jama'a, tun da na saka hoton nan da nake riƙe da igiya a kan ruwa, mutum kusan goma sun yi min magana ta bayan fage: “Wane kulob za mu shiga?” Yawancinsu 'yan uwa ne da ke aiki a nan kudancin Ingila. To yau na samu hutu, bari in amsa gaba ɗaya. Zaren na da tsawo, a samu wurin zama.

2/
Ra'ayina tun farko, don kada in ɓata muku lokaci: kulob ɗin da zai amfane ka shi ne wanda idan ba ka zo ba ranar Asabar wani zai kira ka ya ce lafiya? Girman gini, tsufan suna da kyan tuta duk suna bayan wannan. Na biya kuɗin shekara guda cur kafin in gane haka.

3/
Bayani ga na gida. Jirgin da nake magana shi ne mai dogon sanda a tsakiya da ƙyalle, wanda iska ke turawa. Zan riƙa ce masa jirgin ƙyalle. Wani ƙarami ne na mutum ɗaya ko biyu, wani kuma yana da ɗaki, gado, risho da banɗaki, har a kwana a ciki a yi tafiyar kwanaki.

4/
Inda nake kuma, Southampton, yana bakin wani mashigin teku da ake kira Solent, tsakanin Ingila da tsibirin Wight. Tsawonsa kusan mil 20 ne, amma garuruwan da za ka iya yada zango a ciki sun fi ƙarfin hutun wata guda: Cowes, Yarmouth, Lymington, Beaulieu, Hamble, Portsmouth, Bembridge.

5/
Mutanen nan sun daɗe a harkar. Royal Yacht Squadron na Cowes an kafa shi a 1815. Gasar makon Cowes ta fara a 1826, har yau ana yin ta duk bazararsu. Tseren da aka yi na zagaye tsibirin Wight a 1851 shi ne asalin gasar America's Cup. Saboda haka kulob-kulob a nan kamar masallatan unguwa suke a Kano, ko'ina ka juya akwai ɗaya.

6/
Kuma kada wani ya ce min Bahaushe me ya haɗa shi da ruwa. Je ka Yawuri lokacin bikin Rigata, ko ka tambayi Sarkawan Argungu. Ni dai ɗan tudu ne, ban taɓa ganin teku ba sai da na girma, amma ba ni na fara ba.

7/
To ga yadda na yi kuskure. Shekarar da na gama kwas ɗin farko na kwana biyar, na ce sai babban kulob. Na samu wani mai katafaren gini, da hotunan tsofaffin shugabanni jere a bango, da dokar irin kayan da za ka sa kafin ka shiga ɗakin cin abinci. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba su cuce ni ba. Ni ne ban san abin da nake nema ba.

8/
Sai da mamba ɗaya ya gabatar da ni, wani ya mara masa baya, kwamiti ya zauna da ni. Na biya kuɗin shiga, na biya na shekara. Wallahi ranar da aka ba ni ƙaramar tutar kulob ɗin, ji na yi kamar an naɗa ni sarauta. Har hoto na tura wa mahaifiyata.

9/
Bayan nan fa? Sai in je, ma'aikaci ya gaishe ni cikin ladabi, in sayi shayi, in zauna kusa da taga ina kallon jiragen mutane. Kowa ya zo da abokansa, ya tafi da abokansa. Ba wanda ya wulaƙanta ni, ba kuma wanda ya buƙace ni. Wata goma sha biyu, sau uku kacal na hau ruwa da 'yan kulob ɗin.

10/
Abin da ban gane ba shi ne: a wurin da ma'aikata ke yin komai, mambobi ba su da dalilin yi wa juna magana. Ana wanke musu, ana ɗaure musu jirgi, ana dafa musu. Kai sabon zuwa, ta ina za ka shiga? Abota a ƙasar nan ba ta farawa da gaisuwa kamar gida. Da aiki take farawa.

11/
Kulob na biyu, wanda nake ciki yanzu, a ƙarshen wata 'yar hanya yake mai ramuka. Ginin katako ne, in ruwa ya janye taɓo ne iya ganinka. Ranar da na je dubawa na tarar da wasu dattawa huɗu suna kokawa da wani tsohon kwalekwale. Ɗaya ya ɗago kai ya ce min: “Kana da hannu biyu? Kama nan.”

12/
Ban ma faɗi sunana ba tukuna. Na kama. Minti arba'in muna tura abu cikin laka, takalmina ya lalace har abada. Da muka gama aka miƙo min kofin shayi mai tsagewa a baki, aka ce Asabar mai zuwa akwai mai neman mataimaki zuwa Yarmouth, zan je? Abin da na shekara ina jira kenan a wancan wurin.

13/
Su suna da abin da mu za mu kira aikin gayya. Duk mamba yana da ranakun aiki a shekara: fenti, gyaran gangaren da ake tura jirgi, tuƙa kwalekwalen ceto ranar tsere, dafa abinci. A ƙarshen kaka a yi hayar injin ɗaga kaya a fitar da jiragen kowa rana ɗaya, a farkon bazara a mayar da su.

14/
Ranar fitar da jirage ita ce ranar da za ka san kowa. Jirginka na rataye a sama, nauyin tan uku, mutum shida na riƙe da igiyoyinsa. Bayan awa ɗaya kai ne ke riƙe da na wani. Wanda ya riƙe maka jirgi a sama ba zai wuce ka a hanya bai gaishe ka ba. Zumunta a ƙafa take, a nan kuma a igiya.

15/
Don haka gwaji na farko in ka je duba kulob: tambayi wa ke yin aikin wurin. In aka ce “muna da ma'aikata, kai dai ka huta”, to otal ne mai tuta. In aka nuna maka takarda a bango da sunayen mambobi da ranakun aikinsu, ka samu wurin da za a san ka.

16/
Gwaji na biyu: kada ka je ranar da suka ware don baƙi. Ranar kowa na murmushi, an share ko'ina. Je ka wata Talata da yamma ko safiyar Asabar da ake yayyafi. Ka tsaya minti goma sha biyar kada ka ce komai. Ka ga ko wani zai zo ya tambaye ka me ke tafe da kai. Gani ya kori ji.

17/
Gwaji na uku: nemi allon sanarwa ko zauren WhatsApp na masu neman mataimaka. Masu jirgi da yawa sun tsufa, 'ya'yansu sun watse, jirgin na zaune don babu mai ja musu igiya. In kulob na da tsarin haɗa mai jirgi da marar jirgi, za ka iya shekara biyu kana hawa ruwa ba ka sayi ko ƙusa ba.

18/
Wannan ma shawara ce mai zaman kanta: kada ka sayi jirgi kafin ka shiga kulob. Shiga tukuna, hau na mutane, ka ji ko cikinka na jure igiyar ruwa, ka ga ko iyalinka za su yarda da Asabar ɗinka ta tafi. Jiragen da ke ruɓewa a bayan kowane kulob, yawanci na waɗanda suka fara da saye ne.

19/
Yanzu maganar da ta fi ba mutane mamaki: ruwa. Tekun nan ba kamar dam ɗin Tiga ba ne da za ka same shi inda ka bar shi. Yana cika yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya, kuma lokacin cikar na matsawa gaba da kusan minti 50 kullum. Kulob ɗin da ka gani da ruwa har bakin ƙofa da rana, da yamma fili ne na taɓo.

20/
Kulob masu araha yawanci a irin wannan wurin suke. Turken jirginka, wato inda ake ɗaure shi, yana bushewa. Kana da kamar awa biyu ko uku kafin cikar ruwa da kuma bayanta don ka fita ko ka shigo. In ka makara, sai ka jira zagaye na gaba. Teku ba ya jin “don Allah”.

21/
Ni na koya da jikina. Wata Lahadi mun tsaya cin abinci a Cowes, hira ta yi daɗi, muka taso a makare, iska kuma ta mutu a hanya. Muka iso bakin rafinmu ruwa ya riga ya tafi. Muka jefa anka a waje, muka zauna cikin sanyi har tsakar dare. Ƙarfe bakwai na safe ina wurin aiki, idona kamar garwashi.

22/
Ga wani abu da mu masu lissafin wata muka fi Turawa saurin kamawa. Cika mafi girma da janyewa mafi nisa suna zuwa ne kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata, da kuma bayan daren sha huɗu. A kwana bakwai ko takwas ga wata, da ashirin da biyu zuwa da uku, bambancin kaɗan ne.

23/
A yankin Portsmouth, babbar cikar tana faɗowa wajen tsakar rana da tsakar dare, ƙaramar kuma wajen shida na safe da shida na yamma. Ma'ana, in turkenka mai bushewa ne, makon ƙaramar cika ne za ka fita da safe ka dawo da yamma. Ni yanzu in na ga jinjirin wata, na san yadda Asabar ɗina za ta kasance.

24/
Southampton kuma na da wata baiwa: ruwa in ya cika yakan daɗe a sama, har ana cewa cika biyu yake yi a jere. Shi ya sa manyan jiragen duniya ke son tashar. Kulob biyu da ke nesa da juna da mil kaɗan na iya bambanta sosai a yawan awannin da za ka iya fita. Tambayi adadin awannin, a faɗa maka da lamba.

25/
Sai ka ɗauki jadawalin aikinka ka ɗora a kan jadawalin ruwa. In kana aikin dare ko na karɓa-karɓa kamar yawancinmu, wataƙila turke mai bushewa ya dace da kai, don kana da ranakun mako. In Asabar da Lahadi kaɗai gare ka, lissafa sau nawa a bazara ruwa zai ba ka dama. Araha ba ta ado in jirgin na zaune a laka kai kana gida.

26/
Wani zaɓin shi ne abin da suke kira marina. Ba marinar Ƙofar Mata ba, babu baba babu shuni. Tasha ce ta kamfani inda jirgi ke kan ruwa kullum, da wuta da famfo da wurin wanka. Da tsawon jirgi ake biya, mita-mita, kuma a kogin Hamble jirgi mai mita goma na cin dubban fam a shekara.

27/
Marina wurin ajiya ce, kamar garejin mota. Za ka iya shekara biyar maƙwabcinka bai san sunanka ba. Ƙaramin kulob kuwa kuɗin shekararsa bai taka kara ya karya ba in ka gwada da wancan, sai dai za ka biya sauran da guminka. Turakun hukuma a kogunan da ake rububi kuma, jerin jiransu na ɗaukar shekaru.

28/
Irin jirgin ma ya danganta da kulob. Ni da wasu mutum biyu muka haɗa kuɗi muka sayi tsohon Westerly Centaur, mai ƙafa 26. An fara ƙera su a 1969 a kusa da Portsmouth, an yi sama da 2,400. Ƙafafu biyu gare shi a ƙasa, in ruwa ya janye sai ya zauna daram a taɓo kamar kaza a kan ƙwai. Mai ƙafa ɗaya doguwa kifewa zai yi.

29/
Mu zo kan zango, don rabin masu tambayata abin da ke ransu kenan: in na fita, ina zan kwana? A nan ne kulob ke nuna amfaninsa na biyu. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro ba sa sauka a gari haka kawai. Kowane zango akwai mai masauki da ya san maigidansu. Harkar ruwa ma haka take.

30/
Kulob da yawa na da yarjejeniyar karɓar baƙin juna. Ka iso da tutar kulob ɗinku a jikin sanda, a ba ka wurin wanka, abinci, wani lokaci har turken kwana a farashi mai sauƙi. Kafin ka biya kuɗin shiga, ce a nuna maka jerin kulob ɗin da suke da wannan alaƙar da su.

31/
Amma kada tsawon jerin ya ruɗe ka. Babban kulob ɗina na farko yana da abokan hulɗa har wasu nahiyoyi. Me zan yi da su, ni da jirgina ke tafiyar mil biyar a awa? Abin dubawa shi ne: a cikin wuraren da zan iya kaiwa daga Juma'a da yamma zuwa Lahadi, nawa ne za su buɗe min ƙofa?

32/
Kuma takarda daban, sanayya daban. Wata rana injinmu ya ƙi tashi muna dab da shiga Yarmouth, ruwa na jan mu yamma wajen mashigin Hurst, inda yake gudu fiye da mil huɗu a awa in cika ta yi girma. Dattijon da ke tare da mu ya ciro waya ya kira wani da suka yi tsere tare shekaru talatin da suka wuce.

33/
Kafin minti ashirin ga mutum a kwalekwale mai inji ya zo ya ja mu ciki. Ya ƙi karɓar ko kwabo. Da safe ya dawo da makaniki. Babu yarjejeniyar da ta rubuta wannan. Da ɗan gari akan ci gari, kuma kulob nagari shi ne wanda dattawansa ke da ɗan gari a kowace tasha.

34/
Su ne kuma za su gaya maka abin da taswira ba za ta faɗa da kyau ba. Cewa Bembridge sai da lissafin cika ake shiga don akwai yashi a bakinta. Cewa Newtown, wanda National Trust ke kula da shi, babu shago babu hayaniya, ka taho da abincinka. Cewa Yarmouth ranar Asabar ta bazara in ba ka isa da wuri ba sai dai ka jingina da jirgin wani.

35/
Jinginar nan ma da ladabinta. In tasha ta cika, jirage na ɗaurewa gefe da gefe, uku ko huɗu. Sai ka nemi izini kafin ka ɗaura. In za ka sauka ƙasa, ta gaban jirgin maƙwabci ake bi, ba ta bayan da suke zaune suna cin abinci ba. Kamar dai ba ka ratsa tsakar gidan mutum. A kulob aka koya min, ba a aji ba.

36/
Haka za ka duba yadda kulob ke karɓar nasa baƙin. In jirgin baƙo ya doso, akwai mai tashi ya karɓi igiya? Ko kowa na kallo yana jiran ya ga zai yi karo? Yadda suke yi wa baƙon kwana ɗaya, haka za su yi maka a shekararka ta farko. Wannan gwajin bai taɓa ba ni kunya ba.

37/
Zango mafi kyau shi ne na ayari. Kulob ɗinmu kan shirya fita tare, jirage takwas ko goma, a kwana a Beaulieu kusa da Buckler's Hard inda aka ƙera wasu jiragen yaƙin zamanin Nelson. Masu ƙwari kuma su tsallaka Cherbourg a Faransa, kusan mil 60 na teku, tafiyar awa goma sha biyu ko fiye. Sabon shiga ba ya fara wannan shi kaɗai. Mai fasfo irin namu kuma ya tuna da biza.

38/
Maganar tsaro. A Birtaniya doka ba ta tilasta maka lasisi kafin ka tuƙa ƙaramin jirginka na shaƙatawa a teku ba. Kowa na iya saye yau ya fita gobe. Shi ya sa tarbiyyar kulob ke da muhimmanci. Duba ko suna da alaƙa da RYA, hukumar wasan da ta samo asali tun 1875, da ko suna koyar da kwasa-kwasanta.

39/
Rediyon jirgi kuwa sai da takardar shaida. Tasha ta 16 ta neman agaji ce, ba ta hira ba. Ruwan nan a ƙarshen hunturu bai kai digiri 10 ba, wanda ya faɗa ciki numfashinsa ne ke fara ƙwacewa kafin ya tuna ya iya iyo. Masu ceto na RNLI, da aka kafa a 1824, yawancinsu 'yan sa-kai ne. Kada ka zama dalilin tashinsu daga barci.

40/
Ga kuma manyan jiragen kwantena da ke shiga Southampton. A yankin da suke juyawa, doka ta hana ƙaramin jirgi shiga mita 1,000 a gaban duk jirgin da ya wuce mita 150, da mita 100 a gefensa. A tsakiya akwai tudun yashi na Bramble, inda katafaren jirgin QE2 ya taɓa makalewa a 2008. In ya kama wannan, kai wane ne?

41/
Don haka in ka je kulob ka ga ana hawa kwalekwale babu rigar ceto, ana yi wa mai sakawa dariya, juya ka tafi ko kyauta suke ba da shiga. In ka ji dattijo na yi wa wani faɗa don bai duba hasashen iska ba, zauna. Faɗan nan wata rana kai zai ceta. Iya ruwa fidda kai.

42/
Sai abin da wasu ke jin nauyin tambaya a fili: giya. Gaskiya ne, zuciyar yawancin kulob a ƙasar nan mashaya ce, daga nan ma wani kaso na kuɗin shigarsu ke fitowa. Ni ba na sha. Abin da na duba shi ne, akwai rayuwa a wajen mashayar? Akwai butar shayi da kowa ke taɓawa? Ana taruwa da rana, ko sai dare?

43/
A kulob mai aikin gayya, hirar gaske a bakin gangare ake yin ta da kofin shayi a hannu. Sau ɗaya na ce ba na sha, ba a sake miƙo min ba. Na ce ina son wurin sallah, aka nuna min ɗakin ajiye ƙyallaye. Yanzu in lokaci ya yi muna kan ruwa, abokin tafiyata da kansa yake karɓar sitiyari ya duba kamfas ya nuna min alƙibla.

44/
Launin fata fa? Ba zan yi muku ƙarya ba, sau da yawa ni kaɗai ne baƙi a wurin, a tasha ma haka. Harkar ta daɗe a hannun masu kuɗi farare, maza. Royal Yacht Squadron sai a 2013 ya amince mata su zama cikakkun mambobi, bayan kusan shekara 200. Sauyi na zuwa, amma da tafiyar hawainiya.

45/
An taɓa tambayata a wata tasha ko ni ne mai wankin jirgin. Abin ya yi min ciwo. Amma kafin in buɗe baki, wata dattijuwa 'yar kulob ɗinmu ta ce masa: “Shi ne mai jirgin, kuma ya fi ka iya ɗaure igiya.” Ba za ka iya zaɓar duk wanda za ka haɗu da shi a teku ba. Za ka iya zaɓar waɗanda ke tsaye kusa da kai.

46/
Na san wani zai ce: malam, ba kowa ke da lokacin fenti da laka ba. Gaskiya ne. Likitan da ke da Lahadi ɗaya a wata, ko mai ƙananan yara da ke son banɗaki mai tsabta da jirgin da zai fita kowane lokaci, babban kulob ko marina ya fi masa. In kana da abokan hawa tun asali, ba ka buƙatar a haɗa ka da kowa.

47/
Kuma ƙananan kulob ba aljanna ba ne. Akwai gulma, akwai dattijon da ya riƙe kujera shekara ashirin ya hana kowa motsi, akwai rigimar wa ya samu turke mafi kyau. Taron shekara-shekara namu wani lokaci kamar taron ƙungiyar unguwa. Amma rigima alama ce ta mutanen da abin ya dame su. A wancan wurin ko wanda zan yi rigima da shi ban samu ba.

48/
Masu iyali, ku je da su ranar dubawa. In akwai sashen yara da ƙananan kwalekwale, da mata a cikin kwamiti, alama ce mai kyau. Matata da farko cewa ta yi na haukace. Yau ita ke riƙe da littafin lissafin kicin na kulob, kuma dambun naman da take kaiwa ranar fitar da jirage sai an yi layi.

49/
Na Legas da suka tambaya: ku ma kuna da su, Lagos Yacht Club tun 1932 yake. Ban zauna can ba, don haka ba zan ce muku ga wanda za ku shiga ba. Amma tambayoyin ba sa canzawa: wa ke aikin, wa zai ɗauke ni in ba ni da jirgi, ina zan kwana in na fita, wa zai zo in injina ya mutu.

50/
Abin da ya sa na zauna na rubuta duk wannan: da yawanmu a ƙasar nan daga aiki sai ɗaki, daga ɗaki sai waya. Shekara biyar mutum bai shiga gidan Bature ko ɗaya ba, bai san kowa ba sai abokan aiki. Hunturu ya zo, ƙarfe huɗu duhu ya yi. Kaɗaicin nan na cin mutane a hankali, ba ma faɗa ne kawai.

51/
Ni laka ce ta fitar da ni. Lokacin da aka yi min rasuwa a gida ban samu zuwa ba, mutum bakwai daga kulob suka zo har falona. Ba su san yadda ake ta'aziyya irin tamu ba, sun zauna shiru da hulunansu a hannu. Ɗaya ya kawo miya a kwano. Ban san kuɗin shiga nawa ne ke sayen wannan ba.

52/
In kana kusa da Solent, yawancin kulob na barin baƙo ya zo sau biyu ko uku kafin ya yanke shawara. Ziyarci uku. Tafi da tsohon takalmi. Wanda duk aka ce maka “kama nan” kafin a tambaye ka sana'arka, cike takardarsu.

53/
Asabar mai zuwa bakwai ga wata ne, ruwa zai cika da sassafe ya sake cika da yamma, in iska ta yarda za mu leƙa Newtown mu dawo. Akwai wurin mutum ɗaya a jirgin. Rigar ceto muna da ita, shayi ma akwai. Wanda ya shirya ya yi min magana kafin Alhamis. Allah Ya kai mu lafiya.